Zama da Maɗaukin Kanwa

Birnin Kudu da Gwaram garuruwa ne biyu a kudancin Jihar Jigawa, kusa da iyakar Jihar Bauci. Da can suna cikin ƙasar Kano, kowanne da hakiminsa. A shekarar 1991, sa'ad da aka yanke Jigawa daga jikin Kano, sai suka faɗa cikin sabuwar jihar, yanzu kuwa suna ƙarƙashin Sarkin Dutse. Ƙasa ce mai duwatsu da fadamu. Cikin duwatsun Birnin Kudu akwai inda mutanen zamanin da suka zana siffofin shanu a jikin dutse, har yau zanen yana nan, baƙi suna zuwa kallo. Mutanen ƙasar manoma ne da makiyaya. Suna noman gero da dawa da gyaɗa da wake, in rani ya yi kuma masu fadama su koma lambu.

Yaran wannan ƙasa, kamar yaran ko'ina a ƙasar Hausa, tsara tsara su ke tashi. Waɗanda aka haifa shekara ɗaya, ko kusa da juna, tare su ke shiga makarantar allo, tare su ke kiwo, tare su ke zuwa dandali da dare. Yaro ya kan bi maganar ubansa don ladabi da tsoro, amma maganar sa'o'insa ya kan bi ta ba tare da kowa ya tilasta masa ba. In suka yabe shi, ya kwana da murna. In suka yi masa dariya, ko tuwo ba ya iya ci. Haka Allah ya halicci ɗan Adam, ba kuwa laifi ba ne, gama ta haka yaro ke koyon zama da mutane, da haƙuri, da taimakon juna. Amma Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wanda ya jera da mai ɗauke da kanwa, ko bai taɓa kayan ba, garin kanwar zai zubo masa a ka. Akwai cututtukan da ta wannan hanya su ke samun yaro. Sauro shi ke kawo zazzaɓi har cikin ɗaki, amma waɗannan suna zaune a wurinsu, abokai ne ke kai yaro inda su ke.

Ta fari ita ce tsargiya, watau fitsarin jini.

In damina ta ɗauke, wajen watan Oktoba, rana ta kan yi zafi ƙwarai kafin hunturu ya shigo. A lokacin nan kududdufan bayan gari, inda aka haƙi ƙasar gini, suna cike da ruwa, rafuffuka kuwa sun daina gudu sun bar tafkuna nan da can. A ce ga wani yaro ɗan shekara goma, ɗan aji huɗu, a wani ƙauye tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. An tashi daga makaranta, rana ta take tsaka, yana tafe gida tare da 'yan ajinsu shida. Hanyarsu ta bi ta bakin kududdufi. Babbansu ya tuɓe riga ya faɗa ruwa, sauran suka bi shi, tsundum, tsundum. Yaron nan ya tsaya a gaɓa riƙe da jakar littattafansa, gama uwarsa ta hana shi, malaminsu kuma ya yi musu bayanin cutar da ke cikin ruwan kwance.

Babban ya ɗago kai ya ce, "Kai, me ka ke jira?"

Yaro ya ce, "Inna ta hana ni. Malam ma ya ce akwai tsargiya a ciki."

Suka tuntsire da dariya. Wani ya ce, "Ku ji ɗan Inna! To, koma gida ta goya ka." Wani ya ce, "Ƙyale shi, tsoro ya ke ji, bai iya iyo ba." Babban ya ce, "Wace tsargiya? Ni tun bara na ke fitsarin jini, ga ni nan garau. Wanda bai yi ba ai bai zama namiji ba tukuna."

Yaro ya dubi hanyar gida, ya ga doguwa ce, kuma shi kaɗai zai bi ta. Ya tuna gobe in ya zo aji sunansa ya koma Ɗan Inna. Sai ya ajiye jaka a gindin kuka, ya tuɓe, ya shiga. Ruwan da sanyi, wasan kuwa ya yi daɗi. Da ya fito jikinsa ya ɗan yi ƙaiƙayi, ya sosa, ya manta.

Abin da ya faru cikin ruwan nan ido ba ya ganinsa, amma likitoci sun bi diddiginsa daki daki. Wata 'yar tsutsa ce ke kawo tsargiya, tsawonta bai kai inci ɗaya ba. Mazauninta jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsarar mutum. Mace da namiji a manne su ke zaune, macen kuwa ta kan zuba ƙwai ɗaruruwa kowace rana. Kowane ƙwai yana da ɗan tsini a gindinsa kamar ƙaya. Ƙwayayen su kan ratsa bangon mafitsara su fito tare da fitsari, ratsawar nan ce ke kawo jinin da a ke gani, yawanci a ƙarshen fitsari. In mai cutar ya yi fitsari a masai ko a busasshiyar ƙasa, ƙwayayen sun mutu ke nan. In kuwa ya yi cikin ruwa, kamar yadda babban yaron nan ya yi yana cikin iyo ba wanda ya sani, sai su ƙyanƙyashe nan da nan.

Ɗan abin da ya fito daga ƙwan ba ya iya shiga mutum. Wata irin ƙaramar katantanwa ya ke nema, wadda ke manne a jikin ciyawar ruwa, in bai same ta cikin yini guda ba sai ya mutu. In ya samu, ya shige jikinta ya yi ta hayayyafa har wata ɗaya ko fiye. Sa'an nan dubbai su riƙa fitowa daga katantanwa ɗaya, kowanne da 'yar wutsiya mai baki biyu, suna yawo cikin ruwa suna neman fatar mutum. Sun fi fitowa da rana tsaka, daidai lokacin da yara ke tashi daga makaranta. Ba sai an sha ruwan ba. Ta fata su ke shiga, cikin 'yan mintoci kaɗan, ƙaiƙayin nan da yaro ya ji shi ne alamar shigarsu. Daga nan jini ya ɗauke su ya kai su hanta, su girma a can, sa'an nan su gangara mafitsara. Bayan wata uku, ko kusa da haka, yaron nan zai ga fitsarinsa ya yi ja.

Ranar da ya gani, ba gida zai kai labari ba. Wurin abokansa zai kai, su kuwa su dafa kafaɗarsa su ce yanzu ya shigo cikin maza. Wannan shi ne mafi muni cikin al'amarin duka. A ƙauyuka da yawa cutar ta zama ruwan dare, har yara sun ɗauka alamar girma ce kamar fitowar gemu, waɗansu manya kuma su ce zafin rana ne, zai wuce. Ba a ƙasar Hausa kaɗai aka yi wannan kuskure ba. Manoman bakin kogin Nilu a Masar su ma sun daɗe suna ɗaukar jinin nan alamar balagar ɗa namiji. Cutar tsohuwa ce a can. A shekarar 1910 wani likita ya sami ƙwayayenta cikin ƙodar gawarwakin mutanen zamanin Fir'auna, waɗanda aka shafe da magani aka naɗe shekara wajen 3,000 da suka wuce. A Alƙahira ne kuma wani Bajamushe, Likita Theodor Bilharz, ya fara ganin tsutsar da idonsa a shekarar 1851, shi ya sa Turawa su kan kira cutar da sunansa. Sai a 1915 wani likitan Birtaniya, Robert Leiper, ya tabbatar a Masar cewa ta jikin katantanwa ta ke bi kafin ta koma mutum.

Babban yaron nan da ya ce ga shi garau, bai san abin da ke tafe ba. Ba dukan ƙwayayen ke samun fita ba. Da yawa su kan maƙale cikin naman mafitsara, wurin ya kumbura, ya yi tabo. Tsutsa ɗaya ta kan yi shekara uku zuwa biyar a jikin mutum tana zuba ƙwai, mai iyo kullum kuwa kullum ƙara tsutsa ya ke yi. Jinin da ke fita ɗigo ɗigo shi ke kawo ƙarancin jini, yaro ya kasa girma yadda ya kamata, ya riƙa gyangyaɗi a aji, a ce masa daƙiƙi alhali ciwo ne. In abin ya daɗe, tabon ya kan toshe hanyar da fitsari ke bi daga ƙoda, ƙodar ta lalace, wani kuma ya kamu da ciwon dajin mafitsara bayan ya manyanta. 'Ya mace ma tana kamuwa, cutar ta taɓa mata mahaifa har ta iya hana ta haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum fiye da miliyan 250 ke bukatar maganin cutar nan da 'yar'uwarta mai kama hanji, mafi yawansu a Afirka. Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da abin ya fi yawa.

Magani akwai shi, kuma ba shi da wuyar sha. Sunansa Praziquantel, a Jamus aka gano shi cikin shekarun 1970. Ma'aikatan lafiya su kan kai shi makarantu su raba kyauta. Su kan tsai da yaro jikin wata sanda mai alamomi, tsawonsa shi zai nuna ƙwaya nawa zai sha. Nan ma sa'o'i su kan shiga tsakani. Yaro ɗaya ya sha da yunwa, ya ji jiri, cikinsa ya murɗa, sai ya baza wa sauran cewa maganin nan mugu ne. Kafin a jima waɗansu sun ɓoye ƙwayar a kunci sun je sun tofar a bayan aji. Alhali jirin ba ya daɗewa, wanda ya ci abinci kafin ya sha kuwa da wuya ya wahala. Sai dai maganin tsutsar da ke jiki ya ke kashewa, ba ya hana wata shiga. Yaron da ya warke yau, in ya koma kududdufi gobe, ya sake ɗauko sabuwa.

Gaskiya kuwa a faɗe ta, ba duk yaron da ya kamu da tsargiya abokai ne suka ja shi ba. Yarinyar da aka aika wanki rafi don babu rijiya a unguwarsu, da yaron da ke shayar da shanu, da wanda ke taya ubansa dashen shinkafa a fadama, waɗannan ba su da zaɓi. Haƙƙinsu yana wuyan manya da hukuma, su haƙa rijiyoyi, su gina masai. Kafin a samu, ruwan da aka ɗebo aka ajiye kwana biyu a randa, ba katantanwa a ciki, ana iya wanka da shi, gama 'ya'yan tsutsar sun mutu. Amma likitoci sun lura cewa a ƙasar Hausa yara maza 'yan shekara goma zuwa goma sha biyar cutar ta fi kamawa. Su ne masu iyo, su ne masu nitsar da jiki duka cikin ruwa su daɗe, kuma ba wanda ya aike su.

To, yaron nan na bakin kududdufi ba wawa ba ne. Ya ji gargaɗin uwarsa, ya fahimci darasin malam, har ya faɗa wa abokansa gaskiya da bakinsa. Me ya sa ya shiga? Masana halin ɗan Adam sun gwada wannan abu. A shekarar 1951 wani malami a Amurka, Solomon Asch, ya tara ɗalibai takwas a ɗaki ya ce zai gwada idonsu. Ya nuna musu kati mai layi ɗaya, da wani kati mai layi uku masu tsawo dabam dabam, ya ce kowa ya faɗa da ƙarfi wanne cikin ukun ne daidai da na farkon. Abin ba wuya, ɗan aji ɗaya ma zai iya. Amma da dabara a ciki. Bakwai daga cikin ɗaliban an riga an haɗa baki da su a ɓoye, su riƙa ba da amsar da ba ita ba, dukansu baki ɗaya. Na takwas, wanda bai san kome ba, aka zaunar da shi kusa da ƙarshe, don ya ji amsar sauran kafin ya ba da tasa.

Aka yi ta maimaita wannan da mutane dabam dabam. In mutum shi kaɗai ne a ɗaki, da ƙyar ya yi kuskure sau ɗaya cikin ɗari. Amma cikin taron nan, kimanin kashi ɗaya cikin uku na amsoshinsu bin taro suka yi, suka ƙaryata idonsu. Mutum uku cikin huɗu sun bi taron aƙalla sau ɗaya. Da aka tambaye su daga baya, da yawa suka ce sun ga gaskiya sarai, ba su dai so a yi musu kallon bare ne. Waɗannan fa samari ne 'yan jami'a, kuma ba wanda ya zage su ko ya yi musu suna.

Ga yaro mai tasowa abin ya fi ƙarfi. A 2005 waɗansu malamai biyu a Amurka, Margo Gardner da Laurence Steinberg, sun ba mutum 306 wasan tuƙin mota a kwamfuta. In fitilar kan hanya ta nuna alamar a tsaya, mai tuƙi ya zaɓa, ko ya tsaya, ko ya kutsa don ya ci maki da yawa ya yi kasadar karo. Sa'ad da kowa ke shi kaɗai, yara da manya kusan tuƙinsu ɗaya. Da aka zaunar da sa'o'insu biyu kusa da su, sai 'yan shekara 13 zuwa 16 suka ninka gangancinsu, manya kuwa ba su canja sosai ba. Dalili yana cikin ƙwaƙwalwa. Sashen da ke jin daɗin yabo da kirari ya kan farka tun lokacin balaga, amma sashen gaba, na bayan goshi, wanda ke auna abu ya tsai da mutum, ba ya gama ƙwari sai wajen shekara 25. Doki ya ƙosa ke nan, linzami kuwa yana wurin maƙeri.

Shekaru su shuɗe, yaron ya zama saurayi, ya bar kududdufi ya koma majalisar samari a bakin tasha ko wurin mai shayi. Can ma za a kira shi, amma abin da za a miƙa masa dabam ne. Na fari karan sigari. Da wuya a sami wanda ya sayi karansa na fari da kuɗinsa, aboki ne ke ba shi, kuma na farin ba shi da daɗi, sai tari da jiri. Don idon jama'a ya ke daurewa ya zuƙa. Kafin a jima nikotin da ke cikin tabar ta kama shi, ya koma nemanta ko ba kowa a wurin. Tun shekarar 1950 masana biyu na Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka nuna cewa taba tana kawo ciwon dajin huhu, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara. Dokar Nijeriya ta 2015 ta hana a sayar da taba ga wanda bai kai shekara 18 ba, amma doka ba ta zama a majalisa da dare.

Wanda ya fi taba saurin ɓarna shi ne maganin tari mai kodin. Likita cokali ya ke rubuta wa mai tari, samari kuwa kwalba guda su ke juyewa cikin lemo su sha, kwalbar tana zagayawa hannu hannu. In kodin ta shiga jiki, hanta ta kan mai da ita mofin, watau maganin nan mai ƙarfi da a ke ba wanda aka yi wa aiki a asibiti. Mai sha ya yi ta barci, harshensa ya yi nauyi, hanjinsa ya ƙulle, numfashinsa ya ragu. In ta yi yawa numfashin ya kan tsaya yana cikin barci. A watan Oktoba na 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa kwalba miliyan 3 a ke sha kowace rana a jihohin Kano da Jigawa. A ƙarshen Afrilu na 2018 gidan BBC ya nuna wani fim a kan yadda a ke fitar da maganin ta bayan fage a sayar wa matasa, ran 1 ga Mayu kuwa Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi. Hanin bai kawar da shi duka ba, gama hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ci gaba da kama shi wurin masu fasa-ƙwauri. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha kayan maye a Nijeriya cikin shekara guda. Miliyan 2.4 maganin tari suka sha, miliyan 4.6 kuwa ƙwayoyin kashe zafi irin su tiramadol. Ɗaya cikin kowane huɗu mace ce.

A ƙauye tiramadol ta gona ta ke shigowa. Samari sun fita gayya ko ƙwadago, kowa ya kama kunyarsa, makaɗi yana kiɗa, 'yan mata suna kallo, ba wanda ke so a bar shi a baya. Ƙarami cikinsu ya fara haki. Na kusa da shi ya miƙo masa ƙwaya ya ce, "Ungo, ƙanena, sha wannan, ba za ka ji gajiya ba." Ya sha, ya yi noma har la'asar bai ji kome ba. Amma ƙwayar ba ta ƙara masa ƙarfi ko kaɗan ba, gajiyar kawai ta ɓoye masa, jikinsa kuwa yana ta cin kansa. Wadda hukuma ta yarda a sayar da takardar likita mai miligiram 50 ce ko 100, wadda a ke samu a bayan fage kuwa ta kan kai 200 ko 225. Irin wannan ta kan ka da mutum yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Bayan 'yan makonni jikinsa ya saba, ranar da bai sha ba ya tashi da ciwon gaɓoɓi da gumi, ko fartanya ba ya iya ɗagawa. Kuɗin ƙwadagon ya koma wurin mai ƙwaya.

'Yan mata su ma da nasu. Ranar biki ƙawaye su dubi ɗaya su ce ta yi baƙi ko ta rame, sai ta nemi man shafawa mai sa fari, ko ƙwayar ƙiba. Waɗansu mayukan suna ɗauke da guba mai lalata ƙoda, waɗansu su sa fata ta yi sirara ta riƙa tsagewa. Ƙibar ƙwaya kuwa sau da yawa kumburi ce.

Akwai sauran labarin Solomon Asch. Bayan ya ga yadda mutane ke bin taro, sai ya sake dabara. Ya ce wa ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan ya riƙa faɗin gaskiya, sauran shida su ci gaba da ƙarya. Mutum ɗaya tak. Amma da wanda a ke gwadawa ya ji akwai wani mai ganin abin da ya ke gani, bin taron ya ragu har ya koma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na yadda ya ke da. Ashe ba yawan mutanen ne ya fi ba shi tsoro ba, zama shi kaɗai ne.

Likitoci sun yi amfani da irin wannan. A Ingila da Wales an yi wani gwaji a makarantu 59, aka fitar da sakamakonsa a 2008. An tambayi yara 'yan shekara 12 da 13 su faɗi waɗanda suka fi jin maganarsu cikin ajinsu. Waɗanda aka zaɓa ba lalle ne su zama masu ƙoƙari a aji ko 'yan gaban goshin malam ba, waɗansu ma fitinannu ne. Aka koya musu illar taba, aka sake su su riƙa zancen da abokansu wurin wasa da kan hanya, ba a aji ba. Makarantun da aka yi haka, yaran da suka kama shan taba sun kasa na sauran makarantun. Babban yaron nan na kududdufi irin wanda za a zaɓa ne. Da shi malam ya fara jawowa ya nuna masa ƙwan tsutsar da ke cikin fitsarinsa ta madubin likita, da mai yiwuwa bakin da ya kira yara cikin ruwa shi zai kore su daga ciki.

Cikin yara shidan nan kuma, da wuya a ce dukansu don son ransu suka faɗa ruwa. Ba a rasa wanda shi ma uwarsa ta hana shi, ya yi shiru don gudun dariya. Yaron da ke so ya tsira, tun da safe ya ke neman wannan, kafin a kai bakin kududdufi.

Ya ce masa, "Abokina, yau in mun tashi ba zan shiga ruwan nan ba. Kai fa?"

Shi kuwa ya ce, "Ni ma ba na so. Mu wuce rijiyar masallaci, mu ja guga mu kwara wa juna."

In rana ta take tsaka aka zo bakin ruwa, za a yi musu dariya, za a kira su 'ya'yan Inna. Amma su biyu za su bi hanyar gida, gobe kuwa ba mamaki su zama uku.

Wanda ya riga ya ga jini kuwa, kada ya kai wa abokai. Ya sami ubansa bayan sallar magariba ya durƙusa ya ce, "Baba, fitsarina yana fita da jini." Uban ya kai shi ƙaramin asibitin da ke kusa, in abin ya yi tsanani a tura su Asibitin Tarayya da ke Birnin Kudu. Malamin asibiti zai ba shi 'yar kwalba ya kawo fitsari tsakanin ƙarfe 10 na safe da ƙarfe 2 na rana, don a lokacin ne ƙwayayen suka fi fita. Zai duba ta madubi, ya auna nauyin yaron, ya ba shi magani ya sha bayan ya ci abinci. Sa'an nan ya tambaye shi a wane ruwa ya ke wanka, da su wa kuma ya ke yi, don a nemo su su ma a duba su.